Tafinta a Cikin Na'ura: Shawara ga Ɗaliban Hausa

Duk wanda ya san Unguwar Television da ke kudancin kogin Kaduna ya san shagunan buga takardu da suka yi jere a bakin titi, inda ɗalibai kan kai rubutunsu na hannu a mayar musu da shi na na'ura. A ɗaya daga cikinsu ne na kai babi na biyu na kundina a hutun da ya wuce. Mai bugun, wata baiwar Allah mai haƙuri, tana jin Hausa kamar jakin Kano, domin kuwa a wannan unguwa Hausa ce harshen ciniki da na gaisuwa tsakanin Bajju da Atyap da Gbagyi da Ibo da Yarabawa da Hausawan kansu. Amma jin harshe daban, sanin ƙa'idar rubuta shi daban, kuma allon haruffan da ke gabanta ba don Hausa aka ƙera shi ba. Da na karɓi takarduna sai na tarar baƙin da suka cika gidan biki sun zama baki, ƙafa ta zama kafa, matar da ta yi ɓari a cikin labarin da nake nazari ta koma ta yi bari. Na zauna a kan benci da biro ina bin shafi shafi ina ɗora ƙugiya a kan haruffa, daidai yadda malamanmu suka yi a zamanin tafireta.

Ina cikin wannan aiki ne idona ya kai ga wani bakanike a tsallaken titi, kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar Fijo, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kakuri tun 1975. Ya miƙa hannu cikin akwatinsa ba tare da ya duba ba, ya zaro sifanar da yake so. Ba tsafi ba ne. Shi ya jera akwatin da hannunsa, ya sa abin da yake ɗauka sau talatin a rana kusa da yatsunsa, abin da sai wata wata yake bukata kuwa ya tura shi can ƙasa. Haka tela yake da almakashinsa da allinsa, haka maƙeri yake da masaba da awartaki. Sai mu, masu sana'ar harshe, mu ne kaɗai muka yarda mu yi aiki da akwatin da wani ya jera a wata ƙasa don wani harshe, muna ta lalube kullum, ba mu taɓa tunanin muna da ikon sake masa tsari ba.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ya kamata ɗalibin Hausa da ya mallaki kwamfuta, ko da tsohuwa ce, ya koyi yi mata magana ta layin umarni, sa'an nan ya shirya wa kansa wannan wuri yadda zai dace da aikinsa. Na san da yawa daga cikin 'yan'uwana za su ce wannan harkar 'yan sashen kimiyyar kwamfuta ce. Ina roƙon su yi mini uzuri su bi ni zuwa ƙarshe.

Mene ne layin umarni? Galibinmu mun saba da danna hotuna a fuskar na'ura, mu buɗe wannan mu rufe wancan. Akwai wata hanya da ta girmi wannan, watau mutum ya buɗe taga wadda ba kome a cikinta sai wata alama tana jira, ya rubuta abin da yake so da kalmomi, na'ura ta aikata. Tsakanin mutum da cikin na'urar akwai wata manhaja da ke karɓar maganarsa ta fassara ta. Ni tafinta nake kiranta, don aikinta bai bambanta da na tafintan da ke tsayawa tsakanin Joji da jama'a a zamanin Turawa ba: abin da ka faɗa shi za ta kai, ba abin da kake nufi ba, saboda haka dole ka iya bakinka. Tafintocin nan iri iri ne. Stephen Bourne ya fito da nasa a 1979, Bill Joy ya yi wani a ƙarshen shekarun 1970 yana ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Brian Fox ya rubuta Bash a 1989, wanda shi ne ya fi yaɗuwa a kan Linux, sai zsh da Paul Falstad ya rubuta a 1990, shi ma yana ɗalibi a Princeton, wanda kamfanin Apple ya mayar babban tafintan kwamfutocinsa a 2019. Mai Windows ma ba a bar shi a baya ba, tun 2016 Microsoft ya buɗe hanyar da za a zaunar da Linux a cikinsa. A lura da kyau, biyu daga cikin mutanen nan huɗu ɗalibai ne lokacin da suka yi aikin.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nan shi ne, kayan aikin ba don lissafi kaɗai aka yi su ba, da yawansu don rubutu aka yi su. Ken Thompson da Dennis Ritchie sun fara Unix a 1969 a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, kuma aikin farko na a zo a gani da aka sa ta shi ne buga takardun neman haƙƙin ƙirƙira na kamfanin, watau dai aikin mai shagon Television. Brian Kernighan, wanda ya yi aiki tare da su, ya ba da labarin cewa umarnin grep, mai zaƙulo duk layin da wata kalma ta fito a cikinsa, Thompson ya tsara shi ne don wani abokin aikinsu, Lee McMahon, da ke nazarin wasu tsofaffin maƙalun siyasar Amurka yana son gane wanda ya rubuta kowace. To, in wannan ba nazarin salo ba ne, mene ne? Kuma shi Thompson ɗin ne, tare da Rob Pike, suka tsara UTF-8 a 1992, tsarin da ya sa yau ɓ da ɗ da ƙ ke tafiya daga wannan na'ura zuwa waccan ba su rikiɗe sun zama akwatuna ko alamun tambaya ba. Ashe kayan gidanmu ne muka bar wa maƙwabta.

Yanzu ga inda shirin yake. Duk lokacin da aka buɗe tagar umarni, Bash kan fara karanta wani ɗan fayil mai suna .bashrc da ke cikin jakar mai na'ura. Ɗigon da ke farkon sunan shi ke ɓoye shi daga ido. Abin da ka rubuta a ciki ya zama ɗabi'ar tafintanka har sai ka sake. Mafi sauƙin abin da ake rubutawa shi ne laƙabi. Bahaushe ba baƙo ba ne ga laƙabi. Mu ne muke kiran mutum Ɗanladi ko Tanko ko Mai Goro har a manta da sunan yanka. Haka ake ɗaukar dogon umarni mai wuyar riƙewa a raɗa masa gajeren suna. Ina da wanda na sa wa suna ajiye, wanda ke kwafe jakar kundina kaf zuwa filas, ba ya sake kwafar abin da bai canja ba. Na raɗa shi ne bayan wata ɗaukewar wuta ta zo daidai lokacin da batirin na'urata ya riga ya mutu, ta tafi da aikin yini biyu. Da can ina niyyar kwafewa, sai ƙyuya ta hana, domin sai an buɗe nan an ja can. Da abin ya koma haruffa biyar, sai ya zama kamar rufe ƙofa in za a fita. Na kuma faɗaɗa ajiyar umarnin da na riga na bayar, wadda Bash kan tsayar a 500 in ba a taɓa ta ba, don in na manta yadda na yi wani abu watanni uku da suka wuce in laluba in same shi.

Amma laƙabin da ya fi kowanne amfani a wurina shi ne na ƙugiya. Na koma wurin mai bugun nan na ce da ita, duk inda ta ga na lanƙwasa harafi ta buga shi ta bi shi da waƙafin sama: k' da d' da b'. Wannan ba ya rage mata sauri. In na karɓi fayil, na mayar da shi rubutu zalla, sai in bi shi da umarnin sed, wanda shi McMahon ɗin nan ne ya rubuta shi, ya musanya kowace k' da ƙ, kowace d' da ɗ, kowace b' da ɓ, manya da ƙanana, cikin ƙiftawar ido. Aikin da ya cinye mini yamma guda a kan benci ya koma kalma ɗaya. (Abin kunya, sunan laƙabin kansa ba ƙugiya na rubuta shi, don lokacin ban riga na shirya allon haruffana ba, kuma har yau ban gyara ba.)

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya zo mini a sauƙaƙe. Ranar farko da na saki wannan umarni a kan babin, na yi ta murna har na kai wa malamina ba tare da na sake karantawa ba. Shi ya nuna mini inda na rubuta sunan 'Ahmad' a tsakanin alamun zance guda guda, tafintana ya ga d da waƙafi a bayanta ya mayar da bawan Allah Ahmaɗ. Haka 'tak' ta zama taƙ. Na yi zaton tunda kalmomin Hausa galibi da wasali suke ƙarewa ba za a sami karo ba, na manta da sunayen da muka aro daga Larabci, na kuma manta da amsa-kama irin su tak da cak da sak. Maganin kuwa a cikin ilmin da ake koya mana a aji ɗaya yake: ƙ da ɗ da ɓ ba su rufe kalmar Hausa, dole wani harafi ya biyo bayansu. Sai na ƙara sharaɗi cewa kada a musanya sai in harafi ne ke bin waƙafin. Ɗan kimiyyar kwamfuta da bai san tsarin gaɓar Hausa ba ba zai gano wannan da wuri ba. Mu ne za mu gano, kuma wannan shi ne babban dalilina na cewa aikin namu ne.

Daga nan zan juya ga wata ɗabi'a da nake gani a wurin 'yan'uwanmu da suka riga suka shiga harkar, wadda ban yarda da ita ba. Yaro zai shiga intanet ya kwaso shirin wani mai layi dubu, ko ya ɗora Oh My Zsh, tarin shirye-shiryen da Robby Russell ya fara a 2009, ko kuma a yanzu ya sa manhajar nan mai amsa tambaya ta rubuta masa, ya liƙa bai karanta ba. Tagarsa ta cika da launuka da kibiyoyi da agogo, in ka tambaye shi me layi na arba'in yake yi sai ya yi shiru. Ban ce kayan ba su da kyau ba. Cewa na yi zanen aro ba ya rufe katara, kuma ga misali. A 1986 Jon Bentley ya nemi Donald Knuth, babban malamin kwamfuta, ya rubuta shirin da zai ƙirga kalmomin da suka fi yawa a cikin rubutu. Knuth ya rubuta shafuka da dama. Doug McIlroy, wanda shi ne ya kawo shawarar haɗa umarni da umarni kamar bututu, abin da ya fito daga wannan ya shiga wancan, ya yi aikin da umarni shida kacal. Labarin ya shahara, kuma layukan shida suna nan ko'ina don mai son kwafa. To, kwafe su ka saka musu rubutun Hausa ka gani. Layin farko ya ɗauka harafi shi ne abin da ke tsakanin A da Z, duk wani abu daban kuwa iyakar kalma ce. Saboda haka ƙasa za ta fito asa, ɗaki ya fito aki, ma'ana ta rabe gida biyu, ma da ana. Ɗalibi zai sami jadawali mai tsabta da lambobi reras, ya saka a kundinsa, alhali ƙarya ce tsagwaronta, kuma ba wani jan layi da zai gargaɗe shi. McIlroy bai yi kuskure ba, Turanci yake ƙirgawa.

Haka zancen jera kalmomi bisa abacada. Kowane harafi yana da lamba a tsarin Unicode, kuma lambobin haruffanmu masu ƙugiya suna can nesa bayan z. Bugu da ƙari lambar ƙ ta riga ta ɓ da ta ɗ zuwa. In aka bar na'ura ta jera bisa lambobin nan zalla, ɓauna da ɗorawa da ƙadangare za su taru a ƙarshen jerin, ƙadangare kuma a gaba. A Linux akwai tsarin harshe mai suna ha_NG, na Hausar Nijeriya, wanda in ka kira shi da layi ɗaya a fayil ɗinka ɓ za ta bi b, ɗ ta bi d, ƙ ta bi k. Akwai kuma allon haruffan Hausa a ajiye a ciki, jira yake a tashe shi. Wasu bayin Allah sun riga sun yi wahalar. Abin da ya rage mana shi ne mu san suna nan.

Ina jin wani yana cewa, ai yawancinmu waya kaɗai gare mu, kuma allon waya yana da haruffan Hausa, Windows ma yana da su, Word kuwa ana iya koya masa ya musanya k' da ƙ da kansa. Duk gaskiya ne, kuma wanda bukatarsa ta tsaya ga buga wasiƙa ko jinga mai shafi biyar, ba na ce masa ya wahalar da kansa. Amma nazari ya wuce bugu. A ce ɗaliba tana son ta san yadda Abubakar Imam ya yi amfani da dai da fa da kam da kuwa a littattafai uku na Magana Jari Ce, ko tana da hira arba'in da ta ɗauko daga bakin 'yan kasuwar Television ta rubuta su fayil fayil, tana son ganin ko suna bambanta jinsin namiji da na mace kamar Kanawa. A da, sai kati da kwalin takalmi da watanni. A Word, sai ta buɗe fayil arba'in ɗaya bayan ɗaya. A layin umarni kuwa tambaya ɗaya ce ta ratsa su duka, ta fito da kowane layi da sunan fayil ɗin da ya fito, in ta raɗa wa tambayar laƙabi gobe ma ta maimaita ta a kan hira ta arba'in da ɗaya. Mai waya ma akwai manhajar Termux da ke ba shi wannan taga a Android, ko da yake ban ɓoye ba, bugu da babban yatsa a kan ƙaramin allo azaba ce.

Wani kuma zai ce umarnin duk da Turanci suke. Hakane, in ma za a kira grep da sed Turanci, don Baturen da bai koya ba shi ma bai san su ba. Laƙabi yana rage wannan nauyi, amma a nan ina da gargaɗi ga masu zafin kishin harshe irina. Akwai lokacin da na bi umarnin da na sani kaf na raɗa musu sunayen Hausa, ina jin na yi wa harshe hidima. Ranar da na zauna a gaban na'urar wani abokina sai na zama baƙo, na manta sunayen yanka. Mafi hatsari shi ne abin da mutane da yawa kan yi da umarnin rm, mai share fayil ba tare da ya jefa shi kwandon da za a iya tsamo shi ba. Sukan shirya shi ya riƙa tambaya kafin ya share. Hannu ya saba da cewa za a tambaye shi, ran da ya hau na'urar da ba a yi mata wannan shiri ba sai ya share abin da ba ya dawowa. Ni na bar rm yadda yake don in ci gaba da jin tsoronsa, na yi wani laƙabi dabam mai suna kwando wanda ke matsar da fayil gefe kawai. A na'urar da ba tawa ba, in na rubuta kwando, iyakarta ta ce ba ta san shi ba.

Ba yau aka fara wannan kokawa tsakanin harshenmu da kayan bugu ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, da waƙafi ya bambanta waɗannan baƙaƙe a ƙa'idojinsa na 1912, wasu kuma suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin harafi. Sai a shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya, haruffa masu ƙugiya suka zauna, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939 ta kai su lunguna. Mutanen nan sai da aka zubo musu sababbin haruffa na dalma kafin su buga ƙ guda ɗaya. Mu abin da ake nema gare mu layi goma ne ko ashirin a cikin fayil, amma sai ka ga takardar sanarwa an liƙa a jikin allon sashen Hausa ba ƙugiya ko ɗaya.

Shawarata ga ƙungiyarmu ta ɗalibai ita ce a ware yammacin Asabar biyu ko uku a zango, a gayyato wani daga sashen kwamfuta ya nuna hanya, amma mu mu riƙe alƙalami. A fito da ɗan gajeren fayil da bai wuce shafi ɗaya ba, kowane layi da bayaninsa da Hausa a samansa, don kada ya zama wani zanen aron. Kowa ya ɗauka ya ƙara abin da aikinsa ke bukata, mai nazarin waƙa da nasa, mai nahawu da nasa, kuma kada ya ƙara layi sai ya ga ya maimaita wani aiki har ya gundure shi.

Akwai abu guda da ba za mu iya yankewa mu kaɗai ba, shi nake miƙa wa malamanmu. Mu a Nijeriya 'y muke rubutawa, 'yan'uwanmu na Nijar kuwa ƴ, kuma waƙafin da ke cikin 'ya'ya da sa'a ba iri ɗaya ba ne a cikin na'ura ko da ido bai bambanta su sosai ba. Akwai miƙaƙƙe na allon haruffa, akwai lanƙwasasshe da Word kan musanya shi da shi ba da izninka ba, wani lokaci ma ya juya shi baibai in ya zo a farkon kalma, akwai kuma na uku da Unicode ya ware a matsayin harafi sosai, ba alamar rubutu ba. Na taɓa neman kalmar 'yan a cikin hirarrakina na sami kaɗan ƙwarai, ashe sauran suna nan da wani waƙafin dabam. In kowane ɗalibi ya zaɓi nasa, ranar da sashe zai so ya tara kundayenmu wuri ɗaya don bincike sai an sake bin su ɗaya ɗaya. A nawa fayil na sa layin da ke mayar da dukansu miƙaƙƙe, don shi ne mai shagon Television ke iya bugawa ba tare da ta nemi kowa ba. In sashe ya zauna ya zaɓi wani, layi ɗaya ne zan canja.